Nahawun Tsada a Kasuwar Madina

Daga cikin rassan ilimin harshe da malaman Jami'ar Legon ta Gana ba su buɗe wa sashe ba, duk da cewa tsakaninsu da Madina tafiyar 'yan mintuna ce a motar haya ta torotoro, akwai wanda ya dace a kira nahawun tsada, wato nazarin yadda kalmar Turanci guda take hawa kan kaya ta ninka kuɗinsa ba tare da ta ƙara masa ko zare ɗaya ba. Asalin ƙa'idar shi ne kalmar tsada a Hausa kuka ce, domin idan mai saye ya furta ta, mai kaya ya ce albarka, ciniki ya soma ke nan. Amma da zarar an ce kayan dizaina ne, ma'ana wai wani gwanin Turai ne ya tsara shi, sai bakin mai tayi ya mutu, saboda neman ragi a gaban irin wannan kalma tonon asirin aljihu ne.

Babi mafi faɗi a wannan fanni shi ne na hom-yus, wanda fassararsa ita ce abin da aka mora a gida, sai dai gidan da ake nufi ba na unguwar Nima ko Mamobi ba ne, tilas ya kasance a Jamus ko Ingila. Injin motar da ya ƙare ƙuruciyarsa a titunan Hambog, birnin da ya ba Gana kalmar boga ta ɗan ci-ranin da ya dawo da daula, yakan sauka a kasuwar Abossey Okai da martabar da sabo fil daga Sin bai samu ba. Tufafin da Bahaushe ke kira gwanjo, mutanen Akan kuma suka raɗa musu obroni wawu, wato Bature ya mutu, su ne ake buɗe dilarsu a kasuwar Kantamanto a tsince na sama a kira su fes silekshan, zaɓin farko ke nan, ta yadda saurayi zai sa rigar mamaci ranar Sallah yana tafe yana taƙama. Ita kuwa orijinal, wadda aka aro don bambanta na gaske da jabu, ta sha wuya har ta rabu hawa-hawa, inda ake samun orijinal, da orijinal na gaske, da wanda sai an haɗa da rantsuwa.

Abin tausayi shi ne wake, kalmar da Hausawan zango suka ba ƙasar baki ɗaya da sunan waakye. Idan Hajiya ta zuba shinkafa da wake a ganye, abincin talaka ne. In aka ɗora ƙwai da taliya da ganda ya zama sifeshal, in kuwa ya ƙetara zuwa unguwar East Legon a cikin robar farin kumfa ya koma ekzeketif, wato na manyan ofis, alhali tukunyar ɗaya ce.

Lissafi ma bai tsira ba, domin tun da aka sauya kuɗi a 2007, aka mayar da tsohon sidi 10,000 ya zama sabo ɗaya, uwar ango takan sayi atamfar lefe da sabon kuɗi, amma idan ta zo ba da labari a gidan biki sai ta koma tsohon lissafi, inda kowane sidi 100 yake amsa sunan miliyan.