Wa Ya Gaji Kujera, Wa Ya Gaji Takarda?

Ku mutanen Jalingo akwai ku da saurin yanke hukunci. Da an ambaci Ƙungiyar Tuntuɓa ta Arewa, wato ACF, sai ku taɓe baki ku ce majalisar tsofaffi ce: a taru a Kaduna, a sha lemo, a karanta sanarwar bayan taro, kowa ya shiga motarsa. Ku rufe da cewa ba ruwanku. To, na ji. Amma a watan Nuwamban 2024, da aka dakatar da shugabanta Mamman Mike Osuman saboda ya ce Arewa za ta mara wa ɗanta baya a zaɓen 2027, ku da ba ruwanku ai kun fi kowa haddace labarin. Kun san kwamitin amintattu na Alhaji Bashir Dalhatu, Wazirin Dutse, ya ce ba da yawun ƙungiya ya yi maganar ba. Har bayanin wanda ya zuga wa kuna da shi, alhali ba a yi taron da ku ba. Wannan irin ba ruwana, Allah Ya ƙara mata lafiya.

Kuma na san tambayar da kuke fara yi duk lokacin da aka naɗa sabon shugaba. Ba ku cewa me zai yi. Cewa kuke, ɗan ina ne? Sai ta biyu, wadda ake sassauta murya kafin a yi ta: masallaci yake zuwa ko coci? Kawu, kada ka kau da kai, da kai nake. A jihar da muke da Mumuye da Jukun da Fulani da Kuteb da Chamba da Tibi da Mambila da Wurkun da Hausawa, ba na ganin laifin mai wannan tambaya, don a nan rabon kujera ba abin wasa ba ne. Abin da ke ba ni dariya shi ne, dattawan da kuke yi wa ba'a su ma lissafin da suke yi ke nan, kuma sun fi ku iya shi.

Ku duba jerin. An kafa ƙungiyar a watan Maris na 2000, a Gidan Arewa da ke Kaduna, bisa kiran Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido, makonni kaɗan bayan rikicin Shari'a ya ƙone garin, a lokacin da manyan Arewa ke jin gwamnatin Obasanjo ta mai da su saniyar ware. M.D. Yusufu, tsohon Sufeto Janar na 'yan sanda, Bakatsine, ya riƙe ta. Sunday Awoniyi ya riƙe ta, Bayarabe Kirista daga Mopa ta jihar Kogi, wanda ya yi aiki ƙarƙashin Sardauna kuma ya rasu a 2007 yana kan kujerar. Janar I.B.M. Haruna na Garkida, nan maƙwabtanmu a Adamawa, ya hau. Ibrahim Coomassie, wani tsohon Sufeto Janar ɗin, shi ma a kanta ajali ya same shi a 2018. Audu Ogbeh na Binuwai ya karɓa a 2020. Duk wanda ya ce ƙungiyar ta Hausa da Fulani ce zalla bai karanta sunayen nan ba. A fannin raba kujera tsakanin yanki da yanki, addini da addini, sun yi abin da jam'iyyu da yawa suka kasa, kuma wannan yabo ne ba zolaya ba.

Zolayar tana nan gaba. A cikin ku, masu cewa tsofaffi ne kawai, da masu kare su da cewa iyayenmu ne, wa zai ambata mini takarda ɗaya da wani daga cikin waɗannan shugabanni ya bar wa magajinsa? Ina nufin takarda mai lissafi, wadda ta ce ga yawan malaman firamare da ake buƙata daga Sakkwato zuwa Gembu, ga kuɗin, ga inda za a samo shi, ga dokar da za a gyara. Ba na cewa ba su rubutu. Suna kai takardun matsaya gaban kwamitocin gyaran tsarin mulki, suna fitar da sanarwa a kan tsaro da almajirai da haraji. Amma ba da wannan ake auna shugabansu ba, kuma ba da shi kuke auna shi ba. Kun yi shiru, Malam. Shayin ne ya yi zafi?

Bari in kai ku wani waje ku dawo. A birnin Washington akwai wata cibiyar nazarin manufofi ta masu ra'ayin mazan jiya da ake kira Heritage Foundation. An kafa ta a 1973, kuma kuɗin farko daga aljihun Joseph Coors ya fito, mai kamfanin giya. A'uzubillahi ɗin da kuka yi na ji ta, ku ajiye ta tukuna. Edwin Feulner ya shugabance ta daga 1977 zuwa 2013, shekara 36, wanda ko a masarauta an ce ya daɗe. Dabararsa ita ce a rubuta bayani gajere, wanda ɗan majalisa zai iya karantawa a mota, kuma a kai masa kafin a kaɗa ƙuri'a, ba bayan an kaɗa ba. Da Ronald Reagan ya ci zaɓe, cibiyar ta miƙa wa gwamnatinsa littafi mai suna Mandate for Leadership, shafi sama da 1,000, ma'aikata bayan ma'aikata, abin da za a soke da abin da za a kafa. Aka buga shi a 1981. Su da kansu suna alfahari cewa kusan kashi biyu cikin uku na shawarwarinsa an yi aiki da su. Ko da sun yi ƙari, ku rage rabi ku ga abin da ya saura.

Kada ku zaci su ba sa rigimar kujera. Jim DeMint ya ajiye kujerar sanata ya gaji Feulner a 2013, a 2017 kwamitin amintattu ya sallame shi, aka kira tsohon ya dawo riƙon ƙwarya. Kay Coles James ta karɓa a 2018, Kevin Roberts ya biyo ta a ƙarshen 2021. Wato abin da aka yi wa Osuman a Kaduna, an yi wa wani wanda ya fi shi a Washington. Sai dai duk da sauyin shugabanni littafin bai tsaya ba. Bugu na tara ya fito a 2023, shafi sama da 900, shi ne wanda duniya ta sani da Project 2025.

Na hango ka, Alhaji, kana cewa ina ruwan mai sayar da doya a kasuwar Jalingo da wani littafin Amurka. A cikin littafin akwai babi guda a kan USAID, hukumar agajin da a lokacin kuɗinta ke shiga maganin ƙanjamau da na zazzaɓin cizon sauro da abincin yara masu tamowa a Najeriya. Babin ya nemi a rage mata fiffike. Trump ya yi ta nesanta kansa da littafin lokacin yaƙin neman zaɓe, amma da ya hau sai ya ba Russell Vought, ɗaya daga marubutansa, ofishin kasafin kuɗi na fadarsa, kuma a 2025 aka rushe hukumar baki ɗaya, abin da ya zarce ma abin da babin ya nema. Ni ba masoyin littafin ba ne, da yawa daga cikin abin da ke ciki cutarwa ne a gare mu. Amma ka je ka tambayi ma'aikatan lafiya ko rubutun da aka yi a wancan gari yana iso nan.

Ga kuma amfanin rubutun da ya fi burge ni. Cibiyar zamanin Feulner ta yi suna da kare cinikayya ba shinge tsakanin ƙasashe. Ta zamanin Roberts ta jingina da Trump, sarkin harajin shigo da kaya. Saboda an rubuta na da, an rubuta na yanzu, kowane ɗan jarida zai iya ajiye littattafan biyu gefe da gefe ya nuna wa magaji inda ya karkata. A wajenmu fa? Kowa magajin Sardauna ne. Mai son a raba arziki da mai son a tattara shi, mai goyon gwamnati da mai adawa da ita, duk hoto ɗaya suke ratayewa a bayan kujera, duk da sunansa suke rantsuwa. Mutumin da aka kashe tun 15 ga Janairun 1966 ba zai tashi ya ce ban faɗa ba.

Abin haushin ma, shi Sardaunan mutumin takarda ne. Gwamnatinsa ta tsara manufar cike guraben aiki da 'yan Arewa, ta horar da su a Cibiyar Koyon Mulki ta Kongo a Zariya. Masaƙar Kaduna ta fara aiki a 1957, Jami'ar Ahmadu Bello da gidan rediyo da talabijin na Kaduna a 1962, ga Bankin Arewa, ga jaridar New Nigerian da ta fito a ranar farko ta 1966. Kowanne da fayil ɗinsa da lissafinsa. Masaƙar ta rufe a 2002. Bankin ya narke cikin Unity Bank. Jaridar kuwa, in ka ga mai sayar da ita a shataletalen Jalingo ka gaishe mini da shi. Akasarin wannan faɗuwa ta faru ne ACF tana raye, kuma ba a rasa jawabin alhini ba.

Mu a Taraba ma ba baƙi ba ne a wannan gado, ko da kuna son ku nuna Kaduna ta yi muku nisa. Bayan ƙuri'ar raba gardama ta 1961, da Arewacin Kamaru ya zaɓi Najeriya, lardin Sardauna aka raɗa wa yankin, kuma har gobe ƙaramar hukumar da ke da hedikwata a Gembu sunansa take amsawa. A can saman tsaunin Mambila ne ake maganar madatsar ruwa mai megawat 3,050. An yi kwangilar 2003 da ta zama shari'a da kamfanin Sunrise Power. A 2017 majalisar zartarwa ta tarayya ta amince da aikin a kan kusan dala biliyan 5.8 da kamfanonin Sin. A Janairun 2025 sai ga Obasanjo da Buhari a Paris suna ba da shaida gaban kotun sasanta rikicin kasuwanci. Tsofaffin shugabannin ƙasa biyu sun tsallaka teku saboda wutar, ita wutar ba ta sauko ko Bali ba. Da akwai wata cibiya tamu da ke bin wannan aiki shekara da shekara, tana rubuta wa ya sa hannu, nawa aka fitar, wace ƙasa za a biya diyya, da kowane sabon minista ya tarar da fayil yana jiransa, kuma da sanatocinmu sun sami abin riƙewa a hannu ban da makirufo. Haka dokar hana kiwon sake da Gwamna Darius Ishaku ya sa wa hannu a 2017. An yi ta ihu a kanta, masu so da masu ƙi. Wa ya koma bayan shekaru ya ƙirga gandun kiwo nawa aka kafa, rikici ya ragu ko ya ƙaru?

Yanzu za ku ce su Turawa kuɗi gare su. Haba, Yallaɓai. Yankin da ya haifi Aliko Ɗangote da Abdussamad Rabi'u, jihar da ta haifi Janar T.Y. Danjuma na Takum, ba za a ce albashin masu bincike goma ya gagare su ba. Masu binciken ma ba sai an yi odarsu ba. Jami'ar Jihar Taraba tana nan Jalingo tun 2008, ta tarayya tana Wukari tun 2011, kuma kowace shekara ɗalibai na rubuta kundaye a kan rikicin Tibi da Jukun, da noman shinkafa a Gassol, da ganyen shayin Kakara, a ɗaure su da baƙin bango a jera a kanta. Attajirinmu ya fi son ya ba da gudummawa a wurin da maroƙi zai kira sunansa, kuma gaskiya ku ma kun fi tafa masa a can.

Ni dai ban ce ku daina yi wa dattawan Kaduna dariya ba, sun saba, fatarsu ta yi kauri. Cewa nake dariyar taku ba ta kai inda ya kamata ba. Kuna musu ba'ar furfura, alhali Feulner ma da furfurarsa ya sauka. In lokacin sabon shugaba ya zo, na san ba za ku fasa tambayar garinsu da addininsa ba, to ku ƙara ta uku, ku ce wanda ya sauka me ya miƙa masa ban da makullin ofishin da ke titin Sakkwato. Wanda kuma yake ganin na yi wa Sardauna ƙari, takardun zamaninsa suna nan a Gidan Arewa, tsohon gidansa na titin Rabah, ƙarƙashin kulawar Jami'ar Ahmadu Bello, ana buɗe wa mai bincike. Kuɗin mota kai za ka biya, Kawu. In ta Wukari za ka bi, ka fara tambaya a tasha ko an gama gyara gadar Namnai da ta karye a 2024, in ba haka ba ka zagaya ta Numan.