Gizo da Mudun Kakanni

Ga ta nan, ga ta nan ku.

A wani daji can kudu da Kano, wajajen Falgore, namun dawa suna da rumbun gayya guda ɗaya, na ajiyar iri. Da kaka kowa ya kawo nasa a zuba. Da bazara, in hadari ya fara haɗowa daga gabas, kowa ya zo ya ranta ya shuka. A bakin rumbun akwai wani tsohon mudu na ice a rataye, wanda kakanni suka sassaƙa. Da shi ake auna maka, da shi kake biya.

Zaki ne mai tsaron rumbu. Ba waliyyi ba ne, yakan ɗan taɓa. Amma da yake mudun ɗaya ne, duk ranar da ya yi wa kansa tozo kowa yana gani, sai ya ji kunya ya share da wutsiya. Da tsufa ya kama shi, haƙora suka zube, sai ya tara jama'a ya ce daga yau a riƙa zaɓen Sarkin Rumbu duk bayan damina huɗu, kamar yadda ake yi a wata ƙasa da na sani tun 1999. Kowa ya tsoma ƙafa a toka ya dangwala a buzun wanda yake so.

To, Gizo ba ya noma. Rance yake yi ya kai wa matarsa Ƙoƙi ta dama masa fura. Bashin mudu bakwai ke kansa, kuma duk dawa babu abin da ya tsana kamar icen nan mai rataye.

Ranar kasuwa ya hau tushen tsamiya ya yi gyaran murya. Kun san Gizo da tsamin baki.

"Yanka ya daɗe, manyan dawa! Ina da tambaya. Cikin Giwa da cikin Tururuwa ɗaya ne?"

Aka ce a'a.

"To don me za a auna musu da mudu ɗaya? Wannan ai zalunci ne. Kowa da cikinsa, kowa da mudunsa!"

Abin da ya sa Gizo ke da wuyar kayarwa shi ne kullum yakan fara da gaskiya. Cikin Giwa da na Tururuwa kam ba ɗaya ba ne. Aka juya ga Dila, malamin daji. Dila ya shafa gemu, ya ɗan yi gyatsar kazar da aka kai masa jiya da daddare, ya ce lalle akwai ƙamshin magana a nan. Zaki yana gyangyaɗi, ya ce a yi yadda jama'a ke so.

Kafin sati Gizo ya buɗe rumfar sassaƙa. Kowa ya zo sai a yi masa biyu, mai zurfi na karɓar rance, mai faɗin baki marar ciki na biya. Ladan aiki tafin gero uku. Tsohon mudu kuwa aka jefar bayan rumbu. Ƙoƙi ta tsince shi ta kai gida tana zuba daddawa.

Da farko abin a kan hatsi ya tsaya. Sai wata rana Biri ya tone gyaɗar Zomo. Aka kai ƙara. Biri ya ce a mudun birai wannan ɗanɗano ne. Zomo ya ce a nasa mudun sata ce. Zaki ya duba ƙusar da ake rataye mudu, babu komai. Ya ce su je su sasanta. Washegari Zomo ya shiga gonar Bushiya, ya ce shi ma ɗanɗanawa ya zo yi.

Daga nan dawa ta rabu uku, masu ƙaho, masu farce, masu fiffike. In na ƙaho ya yi ɓarna, 'yan uwansa su ce ku ba ku san al'adarmu ba. In na farce ya yi, nasa su ce ai bara naku ya yi wadda ta fi wannan. Babu wanda ya ƙara cewa abu kaza ba shi da kyau. Sai dai a fara tambaya, wa ya yi?

Lokacin zaɓe ya zo. Kunkuru ya fito, Kura ta fito.

Kunkuru ya yi jawabi a kan ɗaɓe rumbu, da maganin gara, da yawan damin da ya kamata a bari don shekarar da ruwa zai ƙi. Kafin ya kai rabi rana ta faɗi, jama'a sun watse.

Kura ba ta ce uffan ba, Gizo ne bakinta.

"Jama'a, Kunkuyu yana cin geyo ko ba ya ci? Yana ci! Kuya fa? Wa ya taɓa ganin Kuya da tsaba a baki? To wa ya fi dacewa da tsayon yumbu?"

Aka yi shewa. Wannan ma gaskiya ce.

Daren jajibere Gizo ya huda gindin rumbu da tsinke. Shi da 'ya'yansa suka kwana suna bi gida gida da ƙullin gero da ɗan gishiri, wai saƙon Hajiya Kura. Kowa ya kwance ƙullin ya gane geron. Zomo ma har ya ga irin nasa mai jan ido, wanda ya kai da hannunsa da kaka. Ya ɗan yi jim, ya ce to ai haƙƙina ne ya dawo. Ɓauna ta ce in ban karɓa ba wani zai karɓa. Zabuwa ta ce za ta karɓa ta zaɓi wanda ranta ke so, amma da gari ya waye ta tuna wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Giwa ta ce ita ta fi ƙarfin bin layi. Raƙumin Dawa ya miƙa wuya sama, ya ce shi ba ya sa baki a harkar ƙasa, ƙazanta ce.

Buzun Kura ya cika da toka har ba a ganin gashi.

Kura ta cika alkawari, ko ƙwaya ba ta ci ba. Jakuna dai ake gani da tsakar dare suna fita da buhuna, sun nufi kasuwar Dawanau, su dawo da asuba da cinyoyin sa. Ta yi ƙiba, ta gina soro, ta aurar da 'ya'ya uku a kaka ɗaya, kuma duk dawa aka je aka ci aka yi guɗa. Masu ƙaho suka fara gunaguni. Masu farce suka ce hassada ce, ba kwa son ganin namu ya ci gaba.

Bayan damina huɗu masu ƙaho suka ce yanzu layinsu ne. Suka tsayar da Bunsuru. Wa kuke zaton ya zama bakinsa? Gizo ya hau tushen tsamiyar nan dai, ya ce wanda ke cin gero shi ya san darajar gero. Bunsuru ya ci zaɓe, ya shige rumbu ya rufo ƙofa. Shi bai wahalar da jaki ba. Masu farce suka ɗauki ihun ɓarawo, masu ƙaho suka ɗauki zancen hassada, kowa ya ari bakin ɗan uwansa bai ko wanke ba. Masu fiffike suna kan reshe suna lissafin saura damina nawa.

Sai ruwa ya ƙi. Waɗanda suka ga farin 1973 sun san irin shekarar da nake nufi, wadda gero ke bushewa kafin ya yi kai. Aka ci ganye, aka ci saiwa, aka jure. Da bazara ta zagayo hadari ya haɗu, aka yi ruwan shuka har ƙasa ta jiƙu kamu guda. Samari suka saɓa sungumi suka nufi rumbu. Aka buɗe. Ƙaiƙayi ne, da kashin Bunsuru.

Samarin suka tara iyayensu a gindin tsamiya. Ɗan Zomo ya durƙusa ya ce, "Baba, ku kakanninmu sun bar muku rumbu cike. Ina namu?"

Zomo ya ce a tambayi Kura. Kura ta yi dariyar nan tata, ta aika aka ɗauko buzu ta shimfiɗa.

"Ni ban hau da ƙarfi ba. Ga sawu nan, kowa ya zo ya duba."

Aka kewaye buzu ana leƙe. Ɓauna ta ce wannan kofaton ya yi ƙanƙanta, na Barewa ne. Barewa ta ce ya yi girma. Zabuwa ta ce ranar tana zazzaɓi. Giwa da Raƙumin Dawa suka ɗaga kai suka ce su kam alhamdu lillahi, a duba ko'ina ba za a ga nasu ba. Ɗan Bushiya ya ce ai a buzun Kunkuru ma ba a ga nasu ba, sai Giwa ta ce yaran zamani ba su da tarbiyya. Aka ɗauko Zaki a kan tabarma. Ya buɗe ido ɗaya ya ce shi a mudunsa ya yi iya ƙoƙarinsa, ya koma barci.

Samari suka fusata. Suka ce duk wannan aikin mudu ne, a nemo na kakanni a mayar bakin rumbu, gobe da hantsi.

Gizo yana bayan tsamiya yana ji. Bai kwanta ba ranar. Ya sassaƙa mudu arba'in, ya shafa musu toka da man gyaɗa, ya turara su a hayaƙi. Kafin asuba ya bi samarin ɗaya bayan ɗaya yana raɗa wa kowa, "Ga na asalin, ni na ɓoye shi. Kada ka gaya wa kowa." Wanda ba shi da gero ya ba da sungumi.

Da hantsi aka taru. Sai ga Ƙoƙi ta yafa gyale, ta zubar da daddawarta ta wanke mudu, ta kawo ta ajiye a tsakiya. Ta ce, "'Ya'yana, ga abin da kuke nema."

Samari arba'in suka zaro nasu daga riga. Kowa ya gwada da nata, ya ga bai yi daidai ba. Suka gwada da na juna, nan ma bai yi ba, har aka fara cin kwala. Dila ya ce a dangwala a raba gardama. Aka dangwala. A kan abu ɗaya kawai baki ya zo ɗaya, wai na tsohuwar nan jabu ne, har warin daddawa yake yi.

Da daddare Ƙoƙi ta sami Gizo a tsakar gida yana jera sungumai.

"Maigida, mudu ya yi yawa a gari. Me yaran nan za su auna a ciki?"

Gizo ya ce wannan tambaya ce mai kyau, ta ajiye masa ita zuwa zaɓe mai zuwa, domin ɗan autan Kura ya aiko yana neman mai iya magana.

Ƙurungus kan kusu, ba don Gizo ba da na yi ƙarya.