Aure a Ƙasar Sanyi: Kowane Gida da Irin Nasa

Kafin watan Janairun 2024, ɗalibin da ya samu gurbin digiri na biyu a Ingila yana da damar tafiya da matarsa. Samari da yawa daga Kano da Kaduna da Abuja sun ci moriyar wannan dama: a ɗaura aure ranar Asabar, a sha biki, kafin lallen amarya ya goge sun sauka a Landan. Daga baya gwamnatin Birtaniya ta rufe ƙofar, sai ga masu digirin bincike da waɗanda gwamnati ta ɗauki nauyinsu. Waɗanda suka riga suka shige kuwa suna nan a Bradford da Coventry da Leicester da Birmingham, cikin ciki da falo, babu suruka, babu yaron aike, babu maƙwabciyar da za a leƙa a ari gishiri. Su biyu ne rak, kuma inda mutum biyu suka kaɗaita ga sanyi ga kuɗin haya, halin kowa ba ya daɗewa a ɓoye.

Wanda ake fara ganewa shi ne Mai Lissafi. Wannan angon jikinsa na Ingila, kansa na kasuwar canji ta Wapa. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, har fam ɗaya ta haura naira 2,000 a 2024, bai ƙara kallon farashi da ido ɗaya ba. Aka ce masa aski fam 15, ya buga a waya, ya ga naira 30,000, ya yi salati ya fito. Washegari ya sayo injin aski ya damƙa wa amarya, wadda ba ta taɓa aske ko ƙwaryar kai ba, shi ya sa ba a ganinsa babu hula har cikin falo. Ya san lokacin da ma'aikatan Tesco ke liƙa takardar rawaya a kan kayan da ranarsu ta kusa ƙarewa, kuma yana isa kafin su gama liƙawa. Makunnin na'urar ɗumama ɗaki a hannunsa yake. In ta ce, "Yallaɓai, sanyi nake ji," sai ya ce ai rigar sanyi biyu ya sayo mata, ta haɗa su.

A yi masa adalci, yana da hujja. Kuɗin asibiti kaɗai da ake biya tare da biza fam 776 ne a shekara ga kowannensu tun Fabrairun 2024. Sannan bizarsa ta ɗalibi awa 20 kawai ta ba shi ya yi aiki a mako lokacin karatu, ita kuwa da ta biyo shi ba a ƙayyade mata ba. Saboda haka a gidaje da yawa amaryar da aka kawo da alkawarin hutu ita ke fita da duhun asuba zuwa gidan kula da tsofaffi, ta yi awa 12, ta dawo da albashin da ya ninka nasa. Mai Lissafi ba ya son a kai lissafin nan.

Sai Uwar Akwati. Kamfanin jirgi ya ba ta akwati biyu, kowanne kilo 23, ta zuba kayan sawa a rabin ɗaya, sauran duka daddawa ce da kuka da busasshiyar kuɓewa da yaji da garin kunu. Kilishi da man shanu ne baƙin cikinta, domin doka ta hana shiga da nama da kayan madara daga Najeriya, kuma har yau tana ganin an zalunce ta. Tuwonta na garin shinkafa ne daga kantin 'yan Pakistan. Duk wanda aka ji zai zo daga gida, ko ɗan ƙanin maƙwabcin kawunta ne, sai ta samo lambarsa. Yaƙinta na gaskiya da ƙararrawar gobara ne. Amarya ce, an haɗo ta da turaren wuta na Barno mai kyau, ta kunna kasko ta zuba, minti biyu ba a yi ba na'urar rufi ta tsala ihu. A gidan bene mai ɗakuna da yawa wannan na iya fito da kowa waje cikin rigar barci. Maƙwabta na tambayar ina wutar take, ita tana tsaye cikinsu tana ƙamshi, ba ta ce uffan ba.

Akwai kuma Sabon Shiga Madafi, wanda a gidansu ko ruwan shayi bai taɓa ɗorawa ba. Yanzu ya iya dafa-duka, ya san ranar da motar shara ke zuwa da kwandon da ake sa kwalba da wanda ake sa kwali. Abu ɗaya yake tsoro: kiran bidiyo daga Hajiya. Waya na ƙara sai ya ajiye ludayi, ya goge hannu, ya zauna a kujera ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. "Lafiya lau, Hajiya, tana ciki tana girki." Tana ciki kam, tana ramuwar barcin aikin dare.

Idan hutu ya zo sai wasu halayen su ɓullo, kuma sarkinsu shi ne Mafaraucin Tikiti. Da tsakar dare zai tashi matarsa: ya samu tikitin Ryanair zuwa Paris a kan kuɗin da bai kai na aski ba. Abin da bai faɗa ba yana da yawa. Zama a Ingila ba ya ba mai fasfon Najeriya damar shiga Faransa, sai da bizar Schengen, yuro 90 kowane mutum tun Yunin 2024, bayan takardun banki da jiran layi. Jirgin na sassafe ne, don haka a kujerar filin jirgi za su kwana. 'Yar jakar da ke shiga ƙarƙashin kujera ce kawai kyauta, shi ya sa za ka gan shi da riga uku da wando biyu a jiki, aljihu cike da caja da dabino. Sannan jirgin a Beauvais zai sauke su, kimanin kilomita 85 daga Paris, su hau motar da kuɗinta ke iya fin na jirgin. Suna isa ƙarƙashin hasumiyar Eiffel ƙafa ta kumbura, ya dube ta cikin alfahari ya ce, "Kin ga abin da na ce miki? Kusan kyauta."

Shi ne dai ya yanki katin rangwamen jirgin ƙasa na mutum biyu, mai rage kashi ɗaya cikin uku na kuɗin tikiti. Sharaɗin katin shi ne dole su biyun su yi tafiyar tare. Ba a san iyakar faɗan da wannan kati ya kashe ba, domin ko an kwana ana gaba, da safe sai an jera zuwa tasha.

Mai Hoto ita ce wadda dangi suka fi sani. Mijinta ya zo karatun injiniya, ya ƙare a mai ɗaukar hoto: "Habibi, ɗan durƙusa. A'a, ka yanke gadar. Sake." Gadar kuwa Tower Bridge ce mai hasumiya biyu, amma a shafinta na Instagram sunanta London Bridge, kuma ba wanda ya isa ya gyara mata. An gan ta cikin dusar ƙanƙara, an gan ta a jikin jan akwatin tarho, an gan ta a Santambul tana ba tantabaru abinci. Ba a taɓa ganin ta a tashar bas da ƙarfe biyar na asuba ba. Sakamakon yana zuwa ta WhatsApp kafin su dawo gida: ƙanwa na son iPhone, kawu zai yi rufin ɗaki, wata tsohuwar ƙawar firamare ta yi sallama da "kwana da yawa". Takwaranta namiji ya fi ta sauƙin kai. Ya yi wa matarsa alkawarin yawon amarci, ya kai ta zagayen filin ƙwallon Emirates ko Old Trafford, ya sa ta ɗauke shi hoto a kujerar koci, idonsa har da ƙwalla.

Malamin Tarihi ba ya zuwa inda babu darasi. Shi Andalus ya nufa, kudancin Sifaniya: masallacin Kurɗuba da ya koma majami'a, da fadar Alhambra ta Granada, birnin da ya fita daga hannun Musulmi a 1492. Zai tsaya gaban kowane bango ya karanta rubutun Larabci da ƙarfi, ya fassara, ya girgiza kai. Matarsa tana gefe da waya tana neman inda ake sayar da abincin halal mafi kusa. Wani lokacin ma daga waje ake darasin, domin tikitin Alhambra kan ƙare tun da sauran kwanaki, Malam kuma bai yi tanadi ba.

A masallaci za su haɗu da Tsohon Hannu, wanda aikinsa rage wa sababbin zuwa farin ciki. In suka koka cewa a Disamba rana na faɗuwa kafin ƙarfe huɗu, azahar da la'asar da magariba na bin juna kafin mutum ya gama cin abinci, sai ya yi dariya. In suka ce azumi ya yi tsawo, sai ya tuna musu 2016, lokacin da Ramadan ya faɗo a Yuni aka riƙa kai awa 18 da ɗoriya. Shi ne kuma ke gargaɗinsu game da Lahadin ƙarshen Oktoba, ranar da agogo ke komawa baya da awa ɗaya, Hajiya ta bugo gaisuwar safe ta tarar ba a tashi ba, ta yi zaton aure ya lalata tarbiyya.

Na ƙarshe shi ne Mai Komawa Baɗi. Tun ranar da suka sauka ya ce ba zama suka zo yi ba, don haka ya ƙi sayen kujeru, baƙi a kan darduma suke zama. Ya gama digiri, ya karɓi bizar shekara biyu da aka fara ba masu kammala karatu a Yulin 2021, don dai ya ɗan tara abin komawa. Aka haifi ta fari. Aka samu aikin da ya tsawaita bizar. Yanzu yarinyar na amsa gaisuwar kakarta da Turancin Yorkshire, yana fassarawa. A Kano yana da gini da ya kai linta, wanda bai taɓa gani ba sai a hoton da ƙaninsa ke turowa, kullum daga kusurwa ɗaya. Matar ta gaji da jira ta sayo kujerun a Facebook daga wani gida da ke bayan layinsu, shi ya ɗauko su a ka da taimakon Mai Lissafi, wanda ya tambayi kuɗinsu a hanya ya buga a waya.