Yadda Ake Ƙera Ƙwaro Domin Kifi

Idan za ka kama kifin tirawut a kogin Test ko Itchen da ke kudancin Ingila, bar tanarka a gida. Masu fatsa a can ba sa sa wa ƙugiya koto mai rai. Ƙwaron jabu suke sa mata. Da kanka za ka ƙera shi, kuma sai ka san wanda kifin yake ci a ranar.

Da farko, shiga ruwa, ɗaga dutse, ka duba ƙarƙashinsa da gilashin ƙara girma. Ƙirga jelar ɗan ƙwaron da ka gani. In biyu ce, galibi ɗan ƙwaron dutse ne. In uku ce, ɗan ƙwaron Mayu ne. Babban nau'insu yakan yi wajen shekara 2 binne a yashin kogi, sannan ya fito ya yi 'yan kwanaki ba ci ba sha, domin bakinsa ba ya aiki. In ka ga bututun tsakuwa da ƙirare yana tafiya da kansa, kwantar da hankalinka. Tsutsa ce ɗauke da gidanta.

Na biyu, koma gida ka matse ƙugiya lamba 14 a mariƙinta. Ka kula, lamba na hawa, ƙugiya na ƙanƙancewa. Naɗa zare daga kusa da idon ƙugiyar har lanƙwasa. Ɗaura silin gashin wuyan zakara uku, su ne jela. Uku, ba huɗu ba. Murza gashin zomo a zaren ka naɗe jiki, sannan ka zagaya gashin zakara a bayan ido domin ƙwaron ya tsaya kan ruwa da ƙafafunsa. Gashin kuwa ka saye shi da halaliyarka. A 2009 wani matashi ɗan Amurka mai busa sarewa ya fasa gidan tarihi na Tring, ya kwashe fatun tsuntsaye 299 saboda gashinsu, har ta kai shi gaban alƙali.

Na uku, zaɓi ɓangare a saɓanin masu fatsa: ƙwaro ya tsaya a saman ruwa ko ya nitse. Frederic Halford, mai littafin 1886 a kan ƙwari masu yawo a saman ruwa, ya ce ƙwaron mutumin kirki ba ya nitsewa. G. E. M. Skues kuwa ya riƙa duba cikin kifi da siririn cokali, ya tarar yawancin abincinsa a ƙarƙashin ruwa yake kama shi. A 1938 dattawan wata ƙungiyar masu fatsa a Landan sun zauna takanas a kan wannan saɓani. Kada ka je bakin kogi ba ka da matsaya.

Na huɗu, durƙusa, ka jefa ƙwaron gaba da kifin kaɗan, ruwa ya gangaro masa da shi. In ya cafke, jawo shi a hankali, jiƙa hannunka kafin ka taɓa shi, zare ƙugiyar, ka mayar da shi ruwa. Yanzu ya ga aikinka ido da ido, ba zai sake yarda da shi cikin sauƙi ba. Saboda haka ƙwaron gobe sai ka yi masa ƙafafu shida, kowace da gwiwarta.