Masu Hawan Kilimanjaro da Ciwon Kansu

Daga wajen mita 2,500 iska kan fara sirancewa, kowace shaƙa ta zo da iskar oksijin kaɗan, sai kai ya ɗauki sara. Kilimanjaro na Tanzaniya kuwa tsayinsa mita 5,895 ne, don haka kafin a kai ƙololuwa halin kowa ya gama fitowa fili.

Na gaba-gaba shi ne Gagarau, ɗan gidan motsa jiki. Jagora na cewa a bi a hankali, shi kuwa ya yi gaba kamar wanda ya hango mai riƙe masa bashi. A dare na uku za ka same shi bayan tanti yana kelaya amai. Dutse bai san ƙwanji ba: ko Martina Navratilova, gwanar wasan tanis, a 2010 sauko da ita aka yi, ruwa ya taru mata a huhu.

Sai Malam Tsimi, wanda ya zaɓi hanyar Marangu ta kwana 5 don ta fi araha, ya bar ta Lemosho mai kwana 8 da ke ba jiki damar sabawa. Likitoci sun ce in an haura mita 3,000, kada makwancin yau ya ɗara na jiya da fiye da mita 500. Shi dai lissafin dala yake yi.

Hajiya Kemis tun a garin Moshi, a gindin dutsen, ta fara shan Diamox, maganin rigakafin wannan ciwo. Maganin na aiki, in likita ne ya rubuta, amma ba a gaya mata yatsu za su riƙa tsikari ba, lemon kwalba ya koma lami a baki, fitsari kuma ya riƙa fitar da ita cikin sanyin dare. Duk da haka, a ganina ta fi sauran hankali.

Wanda ke tsorata jagorori shi ne Ta-maza. Idonsa ya yi ja, abinci ya ƙi shiga, yana tafiya yana tangaɗi.

"Yallaɓai, yaya kan?"

"Lafiya lau!"

Alhali ciwon kan da ya ƙi jin farasitamol da hutu, balle ya zo da jiri da ruɗewa, maganinsa saukowa nan take, ko da tsakar dare ne. Shi ne a ƙarshe 'yan dako kan gangaro da shi a wani gado mai taya ɗaya, yana ta rantsuwa cewa da ma ƙafarsa ce ta ɗan gurɗe.