Sabon Darakta, Tsofaffin Ma'aikata

A Lugbe, in ka taɓa gyara wa mutum firinta, ka zama Injiniya har abada. Da wannan sarautar wani Alhaji mai sayar da kayan gini kusa da Police Signboard ya aiko a kira ni. Ɗan ƙanwarsa, wani yaro mai bautar ƙasa, ya rubuta masa manhajar lissafin siminti da rodi. A laftof ɗin yaron tana aiki lafiya lau, da aka kawo ta kwamfutar shago sai ta ce ba da ita ba.

Kwamfutar na ƙarƙashin tebur, tsakanin kwalin ƙusa da butar alwala, ƙurar siminti ta toshe fankarta har tana nishi. Ubuntu 14.04 ne a kanta, na shekarar 2014, kuma tun da aka sa shi ba wanda ya taɓa, domin aƙidar Alhaji ita ce abin da ke aiki ba a tsokanarsa. GCC 4.8 ne ya zo da shi. Yaron kuwa da C++17 ya yi rubutunsa, wanda wancan tsoho bai taɓa jin labarinsa ba, shi ne ya harhaɗa GCC 8 a laftof ɗinsa, ya zuba a filashi, ya kawo yana taƙama.

"Injiniya, yi mini bayani da Hausa," in ji Alhaji.

Rabin masu saye a shagonsa ma'aikatan gwamnati ne, waɗanda ke kwasar cunkoson titin filin jirgi kowace safiya zuwa Sakatariya, sai na bi ta nan. Na ce, ranka ya daɗe, ofis ne mai tebur uku. GCC shi ne darakta, yana karanta abin da yaronka ya rubuta ya mayar da shi umarni gajeru-gajeru. Sai takarda ta wuce wurin akawu mai suna as, ya mayar da umarnin lambobin da injin ke ganewa. Daga nan sai ld, mai kula da fayil, ya tattaro gutsattsarin ya ɗinke su wuri guda. Su biyun nan ba a tare da darakta ake ɗaukarsu aiki ba, nasu kunshin daban ne, binutils, mai lambobinsa na kansa, ko da yake duk gidansu ɗaya, shirin GNU da Richard Stallman ya sanar a 1983. An kawo daraktan 2018, an bar masa ma'aikata masu lamba 2.24.

Muka gwada a gabansa. Akawu ya fara ƙorafi, layi bayan layi har allon ya cika, wai bai san wata kalma view ba. Da gaskiyarsa, sai a binutils 2.30 aka koya musu ita, kuma GCC kan duba abin da as ya iya ne a ranar da ake harhaɗa shi, ya ci gaba da magana a haka ko an canza masa ofis. Kalmar ta bayanan neman kuskure ce, sai na kashe su, akawu ya sa hannu yana gunaguni. Takarda na isa tebur na uku, ld ya tsaya cak a kan wata alama 0x2a. Ita kuma a 2.26 aka shigo da ita, tana cikin ɗakunan karatun da yaron ya kwaso daga laftof.

Alhaji ya gyara zama. "To a kore su mana!"

Yaron, Allah ya shirya shi, har ya fara buga umarnin gogewa. Na riƙe masa hannu da ƙarfin da ban san ina da shi ba. Sababbin as da ld a rubuce suke zuwa, sai an harhaɗa su, kuma masu harhaɗa su ɗin su ne waɗannan tsofaffin da ake shirin kora. Tsohon darakta ma sai an dawo da shi, tunda sabon ba sa jin maganarsa. Alhaji ya yi shiru, can ya ce ai haka aka yi wa yayansa a ma'aikata, shi ya koya wa wanda ya gaje shi aiki, har yau fanshonsa bai fito ba.

Da datar wayata muka sauke 2.30, Alhaji na kallon sama. Na buga configure, na buga make, rubutu ya kama zuba. Ana cikin haka aka ɗauke wuta. Aka tayar da janareta, sai ga mai sayen tayil yana so a yanka masa, injin yanka ya ja, kwamfuta ta mutu. Muka sake. Duk jirgin da ya ratsa ta samanmu zai sauka a filin Nnamdi Azikiwe, sai Alhaji ya leƙo ya tambaya ko ƙarar kwamfutar ce.

Bayan la'asar aiki ya kammala, sababbi suka shiga /usr/local. Na gyara hula, na kira Alhaji ya zo ya gani da idonsa. Na maido da bayanan neman kuskure, na danna. Kalma view, alama 0x2a, ba abin da ya ragu. Na tambayi as lambarsa, ya ce 2.24, ko kunya babu. Ashe gwanin da ya sa musu Ubuntu tun farko ya jera PATH, wato wuraren da darakta ke leƙawa neman ma'aikata, yadda /usr/bin, mazaunin tsofaffin, ke gaba, darakta na leƙowa tsohon akawu yake fara gani. Layi ɗaya na juya, komai ya wuce, manhaja ta buɗe, ta buga rasitin buhun siminti goma.

Alhaji ya juya rasitin gaba da baya, ya ce bai ga bambancinsa da na hannu ba. Da na ce tsofaffin suna nan a mazauninsu ba a taɓa su ba, sai ya rage mini kuɗin aiki, tunda a cewarsa ban kori kowa ba, ya cike da galan ɗin fenti.

Ina ɗaure galan a bayan babur yaron ya biyo ni da filashi. "Yaya, na harhaɗa GCC 11, wai DWARF 5 ɗinsa ya fi son 2.35.2 zuwa sama. Yaushe kake da lokaci?" Na ce ya tambayi kawunsa ko akwai burushi.