Ranar da Na Ɗaura wa Tarakta Gidan Sauro

Da kuɗin sallamata na sayi taraktar. Shekara 35 ina koyar da kimiyya a firamare, don haka ranar da aka kawo ta ƙofar gidana, jar Massey Ferguson 375 ta hannu wadda ta sha duniya, kallon ɗaliba na yi mata. Wanda ya taɓa zana zagayawar jini a allo, zagayawar ruwa a inji ce za ta gagare shi?

Laifinta biyu. Idan rana ta take, allurar zafi sai ta fara rarrafawa wajen ja. Sannan takan yi tari, musamman in an sha man gas na 'yan bumburutu. Direbana ya ce mu kai ta gareji. Na ce gareji na waɗanda ba su yi karatu ba ne.

Da lagireto na fara. A yankinmu na Kadawa, in an gama yankan alkama wajen Afrilu, ƙaiƙayi ne ke yawo a iska, fanka kuwa zuƙo shi take yi. Sai basira ta zo mini: abin da ya hana sauro wucewa ai zai hana ƙaiƙayi. Na kwance gidan sauron ɗakin baƙi, na ninka shi huɗu, na ɗaure a hancin taraktar da igiya. Ta fito kamar amarya za a kai ta ɗakin miji. Daga nan na kwance tamostat na jefar, domin na ji ana cewa kayan ƙasashen sanyi ne, mu nan me za mu yi da shi?

Sai ɓangaren mai. Taraktar tana da filtarta, har da wani ɗan kofi a ƙasa inda ruwa ke kwanciya, tunda ruwa ya fi gas nauyi. Ban taɓa buɗe shi ba, amma na yanke hukuncin bai isa ba. Na sayo ƙaramar filtar roba ta motar fetur, na yanke tiyon mai, na saka ta a tsakani, na naɗe bakin da robar tsohon tayar keke. Kuma maimakon in bar ta a ƙasa, sai na ja tiyon na ɗaga ta sama kusa da sitiyari, wai don in riƙa ganin mai yana wucewa. Gaskiyar magana, so nake jama'a su gani su tambaya.

Man da ke cikin duro kuwa da mayafin uwargida na tace shi. Wannan shari'ar har yau ba a gama ta ba.

Aikin farko da ya faɗo bayan gyaran, haron gonar surukina ne. Na sallami direba, na ce yau ni da kaina. Dattijon ya shimfiɗa buzu a gindin mangwaro tare da abokansa uku, na je na durƙusa.

"Malam, lafiya motar take? Na ga an rufe mata fuska."

"Lafiya lau, Baba. Sabuwar dabara ce."

"To, Allah Ya ba da sa'a."

Zagaye biyu na farko, ko gwamna albarka. A na uku gidan sauron ya koma tabarma, ƙaiƙayi ya toshe kowace ƙofa, allura ta haye ja ta yi zamanta. A na huɗu injin ya yi tari sau biyu, ya ja dogon numfashi, ya mutu a tsakiyar gona, daidai inda 'yan gindin mangwaro za su gani ba sai sun miƙe ba.

Na sauko da natsuwar likita. Na san ba a buɗe murfin lagireto da zafi, domin murfin ne ke danne ruwa ya hana shi tafasa da wuri, kana sassautawa ya yi tsiri. Na koyar da wannan da bakina. Amma idon suruki yana kaina, dole hannu ya taɓa wani abu. Na ɗora hulata a kan murfin na murɗa. Allah Ya taimake ni na yi tsalle baya. Hular ce ta tafi, zanna bukar sabuwa, ta sauka can cikin kunya tana tururi kamar dambu.

"Malam, ko a kira mai gyara?"

"A'a Baba, hutawa take yi."

Ta huta har la'asar. Na yi ta ba ta wuta har batir ya fara kukan tsohuwa, sannan na aika.

Bakaniken bai ma zo ba, yaronsa ya turo a kan babur, ɗan da bai wuce sa'an jikana ba, da sifana biyu a aljihu. Ya zagaya taraktar, ya tsaya gaban gidan sauron ya daɗe.

"Baba, wa ya yi muku wannan aikin?"

Na ce wani ne.

"Allah Ya isa tsakaninku da shi."

Na ce amin, a hankali.

Ya yaye gidan sauron, ya haska fitilar waya ta bayan lagireto, ya ce in leƙa ta gaba. Ko ɗigon haske babu. Laka da ƙaiƙayin shekaru sun daskare a tsakanin haƙoransa. Ya sa aka ɗebo ruwa daga kwata, ya yi ta watsawa daga ciki zuwa waje, ruwa na fita kamar kunun kanwa. Ciwon ke nan tun farko. Da ya ji labarin tamostat sai ya riƙe baki. Ya ce shi ne ke buɗewa wajen digiri 80, kuma a injuna da yawa shi ke toshe gajeriyar hanya ya tilasta wa ruwa bi ta lagireto. In babu shi, ruwa ya samu hanyar ratse, ya riƙa kewaya inji da zafinsa.

Filtata kuwa da yatsa biyu ya cire ta. Robar keken ta saki, famfo yana zuƙo iska maimakon mai, injin gas kuma ba ya shiri da iska ko kaɗan. Ya kwance ɗan kofin nan da ban taɓa buɗewa ba, ruwa da tsatsa suka zubo. Ya sassauta noti a kan filta, ya sa ni danna hannun ƙaramin famfo, kumfa na fita har mai ya zo tsantsa. Ya yi haka a babban famfo, ya sassauta bututun nozul. Aka aro batir daga gonar maƙwabta. Bugu ɗaya ta tashi.

Da magariba na je sallama. Surukina ya miƙo mini hulata, an shanya ta ta bushe ta ƙanƙance, ko kan jariri ba za ta shiga ba.

"Malam, in ka gama da gidan sauron, a bar mini. Mai gadin gona yana so."

A gida kuwa uwargida na tsakar gida tana jira, riƙe da mayafin da tsinke.